In Oga Ya Yi Tafiya, Me Ya Sa Aiki Ke Tsayawa?

Kwanakin baya na raka gwaggona wata ma'aikata a kan takardun haƙƙin mijinta da ya rasu. An duba komai, fayil ya cika, abin da ya rage kawai sa hannu da hatimi. Sai aka ce darakta ya tafi Umra. Muka ce to mataimakinsa fa? Aka nuna mana ofishinsa.

Dattijo ne mai furfura. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo wa gwaggo ruwa, ya gyara tabarau ya karanta fayil ɗin daga farko har ƙarshe. Sannan ya ce, "Hajiya, takardunki ba su da matsala ko ɗaya. Sai dai ki yi haƙuri oga ya dawo. Hatimin yana durowarsa, makullin kuma ya tafi da shi."

Gwaggo ta ce, "Allah ya dawo da shi lafiya," ta gyara mayafi muka fito. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Jinkirin ya ɓata mini rai, amma halin da na ga mutumin nan a ciki ya fi damuna. Ya san aikin, ya san abin da ya dace a yi, kuma in da rai shi zai gaji kujerar. Duk da haka ba a yarda ya yanke hukunci a kan takardar matar mamaci guda ba. Ranar da za a damƙa masa makullin, daga ina zai samo ƙarfin halin da ba a taɓa bari ya gwada ba?

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Shugabanci a wurin aiki abu ne da ake koya, kuma a kan aikin ake koyonsa, ta hanyar sakar wa mutum wani abu na gaske ya riƙe tun da sauran ƙarfinsa. Nauyin koyarwar yana wuyan wanda ke kan kujera yau. Duk ogan da ofishinsa ke mutuwa in ya yi tafiyar mako biyu, to akwai babban ɓangare na aikinsa da bai yi ba, ko da kuwa shi ne ke riga kowa zuwa ofis.

Yadda muke samun shugabanni yanzu

Mu ɗauki aikin gwamnatin tarayya, tunda jihohi ma kusan tsarinsa suke bi. Mai digiri yana shiga a mataki na 8. Daga nan kowane ƙarin girma sai ya yi aƙalla shekara 3. Babu mataki na 11, daga 10 ake tsallakawa 12. In komai ya tafi daidai, ba a taɓa tsallake shi ba, kuma akwai gurbi a kowane lokaci, zai kai mataki na 15 bayan shekara 18. Daga nan shekara 4 ce tsakanin mataki da mataki, wato sai ya yi shekara 26 kafin ya zama cikakken darakta a mataki na 17. Ritaya kuwa tana jiransa a shekara 35 da fara aiki, ko ranar da ya cika 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa.

Me ya yi a mafi yawan shekarun nan? Ya karɓi fayil daga ƙasa, ya rubuta "Yallaɓai, ga shi don umarninka," ya tura sama. Ya haddace dokokin aiki domin jarrabawar ƙarin girma. Rana ɗaya sai a ba shi sashe mai mutum 40, a ce ya jagorance su. A cikinsu akwai wanda ya girme shi, akwai ɗan uwan wani babba da ba ya zuwa aiki sai ƙarshen wata, akwai mai ƙwazon da ya fara karaya. Jarrabawar da ya ci ba ta tambaye shi yadda zai yi da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Haka abin yake a makarantu da asibitoci da kamfanoni. Malamin lissafin da ya fi kowa iya koyarwa shi za a ɗauke daga aji a mai da shi shugaban makaranta. Sai ɗalibai su rasa malami nagari, malamai kuma su sami shugaban da bai san yadda ake raba jadawali ba tare da an yi rigima ba. Ba laifinsa ba ne. Aiki biyu ne daban, an koya masa ɗaya, an ɗora masa ɗayan.

"Ai shugabanci baiwa ce"

Wannan ce amsar da aka fi ba ni. Wai wanda Allah ya ba shi ya ba shi, wanda bai samu ba ko an kai shi Ingila ba zai iya ba.

Na yarda mulki na Allah ne, kuma na yarda mutane sun bambanta. Akwai mai kwarjini tun yana yaro, akwai mai sanyin hali. Annabi (SAW) da kansa ya gaya wa Abu Zarrin, lokacin da ya nemi a ba shi muƙami, cewa shi mai rauni ne kuma abin amana ne. Don haka ba kowa ne ya dace da kowace kujera ba.

Amma mu dubi yadda Annabin ya yi da waɗanda ya ga sun dace. Da zai aiki Mu'azu ɗan Jabal Yaman, bai ce masa "je ka, kana da baiwa" ba. Ya gaya masa irin mutanen da zai tarar, ya jera masa abin da zai fara kira gare shi da abin da zai biyo baya, ya hana shi taɓa mafi kyawun dukiyar mutane wajen karɓar zakka, ya gargaɗe shi da addu'ar wanda aka zalunta. Ya naɗa Usama ɗan Zaid jagoran runduna yana matashin da bai wuce shekara 20 ba, a cikin rundunar kuwa akwai manyan sahabbai. Wasu sun yi magana a kan ƙuruciyarsa, bai sauya ba. Bayan wafatinsa, Sayyidina Abubakar ya tura rundunar a ƙarƙashin Usama ɗin, har ya nemi izininsa kafin ya riƙe Sayyidina Umar a Madina. Wannan reno ne da gangan, kuma manya ne suka tsaya wa yaro har ya tsaya da ƙafarsa.

Sannan in ka warware abin da ake kira shugabanci a ofis, za ka ga yawancinsa ƙananan abubuwa ne. Yadda za ka ba da umarni wanda aka ba ya fahimci me ake so da kuma yaushe ake so. Yadda za ka gudanar da mitin a tashi an san wa zai yi me. Yadda za ka ja ma'aikaci gefe ka yi masa faɗa ba a gaban masinja da baƙi ba. Yadda za ka ce wa surukinka a'a in ya zo neman kwangila. Yadda za ka ɗauki laifin sashenka a gaban na sama maimakon ka nuna yaronka da yatsa. Wanne ne a ciki ba a iya koya?

"Ai ana tura su kwas"

Ana turawa, kuma cibiyoyin suna nan. Akwai kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati ta ASCON a Badagry tun 1973. Akwai cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa ta NIPSS a Kuru kusa da Jos tun 1979. Akwai asusun ITF da aka kafa a 1971, wanda kamfanoni ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu domin horarwa. Ban raina ko ɗaya ba, kuma wanda ya sami dama ya je.

Sai dai abu biyu. Na farko, irin kwas ɗin Kuru na waɗanda suka riga suka kai ƙololuwa ne, lokacin da hali ya riga ya kafu. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, abin da akasarin ma'aikata suka sani da sunan horo shi ne bitar kwana uku a otal a Kaduna ko Abuja. A zauna a sanyin na'ura, wani ya haska majigi ya yi ta Turanci, a ci abinci, a raba jaka da takardar shaida, a sa hannu a karɓi alawus. Sau da yawa ma ba wanda ke buƙatar horon ake turawa ba, wanda ake so a taimaka wa da kuɗin tafiya ne. Ranar Litinin ya dawo ya tarar da durowar nan a kulle kamar yadda ya bar ta. Ba wanda ya taɓa iya tuƙi daga kujerar baya, komai yawan bayanin da direba ya yi masa.

Magabatanmu a Arewa sun fahimci haka. Makarantar Kongo a Zariya ta fara ne a 1947 a matsayin wurin horar da akawuna, daga baya ta zama cibiyar koyon aikin mulki. Lokacin da gwamnatin Sardauna ta tashi maye gurbin Turawa da 'yan Arewa, a can aka horar da matasa da yawa. Amma ba a tsaya a aji ba. Ana gama kwas sai a tura mutum lardi ya zama mataimakin Di'o, wato jami'in mulki na yanki, ya fita rangadi, ya saurari ƙorafin talakawa, ya duba littafin baitulmali, ya rubuta rahoto na sama ya gyara masa. Karatun da aikin tare suka tafi, shi ya sa samari masu ƙarancin shekaru suka iya riƙe manyan ofisoshi.

Abin da ɗan kasuwa ya sani

Ba ma sai an koma tarihi ba. A shiga Kantin Kwari a Kano a kalli yadda maigida na ƙwarai ke renon yaron shagonsa.

Yaro zai fara da shara da ɗauko kaya daga sito. Yana nan yana kallo har ya san shadda mai kyau da taɓawa, ya san turmin atamfar da ke tafiya da wanda ya kwanta. Wata rana kwastoma zai shigo maigida ya yi kamar yana waya, ya bar yaron da cinikin, amma kunnensa na wurin. In an tafi ya ce, "Ka yi saurin sauka. Matar nan da ka ƙara haƙuri da ta saya a farashin farko." Bayan wani lokaci a ba shi littafin bashi. Daga nan a aike shi tasha da kayan masu sari na Maraɗi ko Damagaram. Daga nan a tura shi Legas da kuɗi masu nauyi. Ranar da maigida zai tafi Dubai ko Chana, sai ya ciro makullin shago ya miƙa masa a gaban sauran yara, kowa ya gani.

In ya dawo a zauna lissafi. "Wane ka ba bashi? Me ya sa? Ka san bai biya na baya ba?" Yaron ya yi bayani, wani wuri a ce ya yi daidai, wani wuri a ce kada ya ƙara. An yi asara kaɗan, maigida ya shanye, domin ya san kuɗin makaranta ne ya biya. Bayan shekaru a sallame shi da jari, ko a buɗe masa reshe.

Dubi abin da ke cikin wannan tsari. Amanar tana ƙaruwa ne kaɗan-kaɗan, gyaran yana zuwa a ranar da aka yi kuskure, kuma kowa ya san inda tafiyar ta nufa. Ɗan kasuwa yana yin haka ne don ya san in shago ya rufe duk ranar da ba ya nan, aljihunsa ne zai ji. Darakta kuwa albashinsa na shiga ko fayil ya motsa ko bai motsa ba, masu jira a benci su ke biyan kuɗin.

Ban ce kasuwa ba ta da nata zalunci ba. Akwai iyayen gidan da ke riƙe yaro har ya yi aure ya haihu ba sallama ba jari, kuma da yake ba a rubuta komai ba, ba shi da inda zai kai kuka. Akwai yaran da suka ci amana suka karya masu gidansu. Wannan gyara yake buƙata, musamman rubuta yarjejeniya tun farko. Amma dabarar renon tana da kyau, kuma tamu ce.

Tsoro, wanda shi ne ainihin maganar

In ka zauna da oga ya saki jiki da kai, ba zai ce maka baiwa ko kwas ba. Zai ce, "In na sakar masa ya yi ɓarna, ni za a ba takardar tuhuma. Ni EFCC ko ICPC za su gayyata." Wani kuma ba zai faɗa ba, amma abin da ke ransa shi ne kada yaron ya iya aikin har a ga ba a buƙatarsa.

Tsoro na farko gaskiya ne, ban ɗauke shi da wasa ba. Mutane sun shiga uku saboda sa hannun da wani ya yi a madadinsu. Amma maganinsa a rubuta iyaka. Takarda guda ta isa: daga ranar kaza zuwa ranar kaza wane ne muƙaddashi, yana iya sa hannu a kan abu kaza da kaza, kuɗin da ya wuce kaza ya jira ni ko ya kira ni. Aikin gwamnati ya san riƙon ƙwarya, ya san takardar miƙa aiki. Ba sabon abu ake nema ba. Wanda aka ba iko a rubuce, shi ma a rubuce za a tambaye shi, wannan kuwa ya fi kare oga a kan umarnin baki da ake bayarwa ta waya daga Makka.

Tsoro na biyu shi ne na fi jin takaicinsa. Kujerar nan dole a bar ta. Yanzu ma a tarayya darakta ba ya wuce shekara 8 a muƙamin. Tambayar kawai ita ce wa za ka bar wa, kuma a wane hali. Mun sha ganin wanda ya yi ritaya ya dawo bin fanshonsa a ofishin da ya shugabanta, ya tarar da waɗanda ya danne su ne a kan kujera, kuma irin abin da ya koya musu suke yi masa. Mun kuma ga wanda yaransa suka bazu a ma'aikatu, duk inda ya shiga ana miƙewa tsaye.

Wani abin ma, ɓoye aiki ba kullum tsoro ba ne. Wani lokaci akwai abin da ba a so mataimaki ya gani a cikin fayil. Inda mutum biyu ko uku suka san yadda kuɗi ke shiga da fita, cuwa-cuwa tana wuya.

"Bin na gaba bin Allah ne"

An tarbiyyantar da mu a kan girmama na gaba, kuma ba na fatan mu rabu da wannan. Amma a wuraren aikinmu ladabi ya rikiɗe ya zama shiru. Oga zai kawo shawarar da kowa a ɗakin ya san ba za ta yi ba, a ce "Haka ne ranka ya daɗe," a fito baranda a fara gunaguni. Wanda ya shekara 20 yana cewa haka ne, in ya hau kujera shi ma abin da zai so ji ke nan.

Masu harkar jiragen sama sun koyi wannan darasi da tsada. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jirgin kamfanin KLM ya taso zai tashi cikin hazo alhali jirgin kamfanin Pan Am yana kan titin. Injiniyan da ke cikin matuƙan KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya kauce. Kyaftin, wanda babban mai horar da matuƙa ne a kamfanin, ya amsa da tabbaci cewa ya kauce, aka ci gaba. Mutum 583 suka mutu. Hatsarin nan yana cikin abubuwan da suka sa kamfanonin jirage suka fara koya wa ƙananan matuƙa yadda za su ja hankalin kyaftin, suka kuma koya wa kyaftin yadda zai saurara. Wato ita kanta faɗar gaskiya ga na gaba darasi aka mai da ita, ana koyarwa ana maimaitawa.

A asibitinmu, nas ɗin da ta ga likita zai rubuta maganin da bai dace da maras lafiya ba, tana da bakin magana? Ya danganta da abin da ya faru da ta ƙarshe da ta gwada. Shugaba ne ke buɗe wannan ƙofa. In ya fara tambayar mafi ƙanƙanta a mitin kafin shi ya faɗi ra'ayinsa, in aka gyara masa ya ce na gode a gaban jama'a, cikin 'yan watanni mutane za su fara magana. Kuma Hausa ba ta rasa lafazin ladabi da ake gyara wa babba ba: "Yallaɓai, a gafarce ni, akwai wani abu da na hango."

Akwai kuma waɗanda ake bari a baya ba tare da an lura ba. Sirrin aiki da yawa ba a ofis ake jinsa ba. A majalisa ake ji bayan la'asar, ko a motar oga a hanyar ɗaurin aure. Ma'aikaciya mace ba ta wuraren nan, haka ma wanda ba ɗan gari ba. In reno ya dogara da wanda ke zama kusa da oga, su ba za su taɓa samu ba, sai daga baya a ce ba su da gogewa. Shi ya sa ya kamata abin ya zama cikin tsarin ofis, a lokacin aiki, kowa da ranarsa ta jagorantar mitin ko wakiltar sashe.

Kai kuma da ke ƙasa

Kada ka jira sai an ba ka. In ka kai wa oga matsala, tafi da shawara biyu ka ce ga wadda kake gani ta fi. Karɓi aikin da kowa ke gudu, irin shirya taro ko rubuta rahoton mitin, domin a nan ake sanin yadda ake yanke hukunci. Ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin da aka turo sashenku neman sanin makamar aiki, ɗauke shi ka koya masa, kada ka mai da shi ɗan aiken sayo abinci. Shi ne mutum na farko da za ka shugabanta. Kuma riƙe ƙaramar amana da kyau, domin ba ogan da zai miƙa makulli ga wanda ke zuwa ƙarfe goma sha ɗaya.

Amma ƙoƙarin na ƙasa yana da iyaka muddin na sama ba ya samun komai in ya yi reno, ba ya rasa komai in ya ƙi. A nan nake ganin hukumomin kula da ma'aikata da masu kamfanoni ke da aiki. Duk wanda zai haura mataki na 14, ko zai zama manaja ko shugaban makaranta, a tambaye shi a wurin tantancewa: su wa ka rena, wane aiki ka sakar musu, wa ya riƙe sashenka a hutunka na bara? Ya kawo suna biyu da takardar miƙa aikin da ya rubuta. Sannan a kira mutanen nan a bayan idonsa a ji ta bakinsu, a ba abin maki kamar yadda ake ba jarrabawa.